Ranar da Na Zaunar da Kofur a Haɗeja

Mun tashi da asuba ranar Litinin, mu tara, daga Fagge zuwa tashar jirgin ƙasa a ƙafa. Kowa na riƙe da ƙunshinsa, ni kuwa ina saɓe da buhu mai ƙwallo biyu da famfon keke na hura su. Ga waɗanda ba su san ni ba, aikina koyar da ƙwallon kwando, wasan nan da ake jefa tamaula cikin zoben ƙarfe da aka kafa can sama da kan mutum. Wani kamfanin sayen gyaɗa ne ke biyana in horar da ma'aikatansa. Haɗeja muka nufa, garin da aka binne cibiyata, wanda rabona da shi shekara goma sha ɗaya.

Ramuwa ce ta kai mu. Bara wani Baturen makaranta ya tara dogayen Haɗeja, malamai da akawuna, yawancinsu jinin Fulani, ya kawo su Kano suka yi mana cin kaca a gaban manajanmu. Manajan bai ɓoye mini ba, ya ce in aka sake zai nemi wani mai koyarwar. Na yi wata uku ina juya abin a raina, na ga ba mu da tsawon da za mu yi kokawa da su a sama. Sai na yanke shawarar in sa gajeru biyar masu gudu, su riƙe ƙwallo ƙasa da ƙugu, su yi ta buga ta da ƙasa tana bi ta tsakanin ƙafafun dogayen har su galabaita. Dabarar ta kwanta mini ƙwarai. Aibinta ɗaya ne, babu gurbin Kofur a cikinta.

Kofur shi ne dogon ƙungiyarmu, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Mahaifinsa masunci ne, nawa kuwa fatoma, wato masu kifi a gidanmu suke sauka shi yake sayar musu, don haka tun muna tsirara muka san juna. Tare aka ɗauke mu soja, shi ya fito da muƙamin Kofur, ni da na Saje. Tare muka tsaya a wani sansani a Indiya muna yi wa sojan Amurka dariya, ƙattin mutane suna tsalle a kan tamaula. Shi ya fara iyawa, shi ya koya mini. Yanzu gwiwarsa ta soma ƙara in ya durƙusa, kuma ya riga ya aika wa tsohonsa cewa ya shirya, zai zo ya ɗauke shi ya ga irin wasan da ake yi wa ɗansa tafi a Kano. Na bar gida ban gaya masa cewa ba zai buga ba. Na ce da kaina a jirgi zan faɗa.

Taragon talakawa muka shiga, sule huɗu da sisi kowane mutum, bencin katako kuwa sai ka ce don hukunci aka sassaƙa shi. Kusa da ni wata tsohuwa ce da akurkin kaji, ta ƙi yarda a sa shi a ƙasa, ta ɗora mini a cinya tun daga Jogana tana ta sa mini albarka. A Ringim ƙwai dafaffe uku kwabo ne, a Taura kuma muka sha fura da nono mai kauri irin wanda ludayi ke tsayawa a ciki. A nan na gane gajerun nan da nake taƙama da su za su iya cinye guzurin mutum ashirin. Mafi ƙanƙantarsu, wani ɗan awo da ba ya kai kafaɗata, shi kaɗai ya tashi da ƙwai tara, yana kuma tambaya ko a tasha ta gaba akwai tsire.

Bayan Gagarawa tarago ya yi shiru, na matsa kusa da Kofur, na gyara murya. Kafin in buɗe baki ya kwance ƙunshinsa ya zaro takalmin kambas sabo fil. Ya ce sai da ya shiga kanti huɗu kafin ya sami wanda ya shiga ƙafarsa, kuma bai taɓa sa shi ba, sai ranar wasa. Na juya takalmin a hannuna, na ce a kashe lafiya. Abin da na iya faɗa ke nan.

Da la'asar muka sauka a Malam Madori, inda jakuna da raƙuma suka cika bakin tasha ana ta sauke sabuwar gyaɗa. Lori ɗaya ce ke zuwa Haɗeja, sule guda, direban kuma ya rantse hanya ta bushe. Sau biyu muka sauka muka tura ta cikin taɓo, shi yana zaune a gaba yana ba mu umarni. Amma tun kafin mu hango ganuwa iska ta kawo mini ƙamshin banda, hayaƙin kifin nan da ke kama riga ya kwana uku. A bakin ƙofar gari na kira wata mai ƙosai, ta amsa da "Ina takin zuwa," yaran Kano suka fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba. Haka uwata take magana, kuma ni da kaina na kankare wannan harshen daga bakina don kada a yi mini ba'a a bariki.

Gidanmu yana nan, sai dai mutanen cikinsa ban san su ba. Rumfar da mahaifina ke zama a tsakiyar kwandunan kifi ta zama wurin ɗaure akuya. A gidan goggona na sauka, ta yi mini burabusko da miyar tarwada, ta zauna tana kallona ina ci kamar wanda aka sako daga kurkuku. Da na suɗe kwano sai ta ce, "Har yanzu wasan yaran kake yi, ko ka sami aiki?" Na ce Goggo, shi ne aikin. Ta ce Allah ya shirya Nasara.

Washegari da sassafe ni da Kofur muka shiga kwalekwale, taro-taro, wato kwabo uku kowane mutum, muka nufi ƙauyensu da ke kan hanyar Kirikasamma don mu ɗauko tsohonsa. Ruwan bana ya cika, fadama ta zama abu guda, ba ka gane inda kogi ya tsaya sai ta layin goruba. Furen bado ya rufe ko'ina, shinkafa ta sunkuyar da kai, dinya na tashi garke-garke. Can muka wuce masunta kwance rub da ciki a kan gora, suna tuƙi da hannu da ƙafa, homarsu a gaba. Kofur ya nuna mini gindin wata tsamiya, ya tuna mini ranar da gorata ta suɓuce na sha ruwa har na ƙoshi, ya jawo ni da gashin kai. Muka yi ta dariya har mai fito ya ce mu zauna da kyau. Babu kowa, babu hayaniya, ga lokaci ga wuri, amma yaya za ka ce wa mutumin da ya gama ba da labarin tsamo ka daga ruwa ya koma benci? Na sake haɗiye maganata.

Tsohon ya rame, idonsa ya yi hazo, amma da jin muryata ya kira ni da sunan da mahaifina kaɗai ke kirana. Ya sa matan gida suka gasa mana kifin karfasa, ya ɗauko rigarsa ta Salla daga adaka, ya ce bai taɓa ganin wasan Nasara ba, amma tunda ɗansa ne gwani zai je ko da rarrafe. Tun daga ƙauyen har Haɗeja yana gaya wa duk jirgin da muka gamu da shi inda za shi.

Ranar Laraba da la'asar aka yi wasan. Filin da kansa abin kallo ne. Baturen makarantar bai sami siminti ba, sai ya ɗauki matan unguwa suka yi masa daɓe irin na ɗakin amarya, suka shafe shi da makuba, ya yi ja ya yi sumul. Da na buga ƙwallo a kai ta dawo mini hannu cak, na san filin gajeru ne. Jama'a sun kewaye ko'ina, har a kan katanga. An shimfiɗa wa dattawa tabarmi a gaba, tsohon Kofur yana tsakiyarsu, daidai da bencinmu.

Kofur ya riga ya sa kambas ɗinsa, yana ta ɗaure igiya yana kwancewa. Na tara su, na kafe idona a takarda, na karanta suna biyar. Ban ɗaga kai ba. Sai na ji bencin ya yi ƙara da ya zauna. A gaban mahaifinsa da rabin mutanen da suka san mu tun muna yara, ta bakin takarda ya ji abin da na kwana uku ina ɗauke da shi. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, ko ranar da aka tsayar da ni gaban Kyaftin.

Da farko abin bai yi kyau ba. Dogayen suka jefa uku a jere ta saman kawunanmu, 'yan kallo suna ihu wai Kanawa sun kawo 'ya'yansu sun bar iyaye a gida. Na saci kallon tsohon, yana ta leƙe yana neman ɗansa a fili, zuciyata ta ce in bar taurin kai in sa shi. Har na juya. Sai na ga Kofur ya miƙe tsaye, ya ware muryar fareti, yana cewa, "Ƙasa da ita! Kai ɗan awo, wa ya ce ka ɗaga? Ta ƙafarsa!" Ashe ya karanta dabarar tsaf a cikin minti biyar. Daga nan gajeru suka shiga tsakanin ƙafafu, dogaye suna sunkuyo suna kamo iska. Kafin a tafi hutu akawunan nan sun fara dafa gwiwa suna haki. Da kwando biyu muka ci su, na ƙarshen kuwa mai ƙwai tara ne ya jefa.

Ana busa usur na ƙarshe na ga tsohon ya dafa sanda ya nufo mu. Na so ƙasa ta tsage. Ya kama hannuna da nasa biyu, ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Wannan ja'irin bai gaya mini an ɗaga shi ba." Na ce Baba, ɗagawa kuma? Ya ce, "Ai na gani. Ko a wurinmu in ana su, yara ne ke faɗawa ruwa, babba yana bakin gaɓa yana nuna musu inda kifi yake. Shekara talatin na yi ina jiƙa kafin in sami zama. Shi ga shi tun da sauran ƙarfinsa." Ya juya ga dattawan yana nuna musu ɗansa da sanda. Na dubi Kofur, Kofur ya dubi ƙasa, ya ce, "Haka ne, Baba."

Da safen Alhamis muka raka tsohon bakin kogi, muka kama hanyar Malam Madori. Goggo ta cika mini buhun ƙwallo da banda har sai da na riƙe tamaula a hammata. A jirgi yara suna ta waƙa suna kwaikwayon yadda wani akawu ya faɗi a fili, Kofur kuwa yana jikin taga, yana kallon waje har muka wuce ƙasar Kaugama. Sannan ba tare da ya juyo ba ya ce, "Saje, da ka gaya mini tun a Kano, da na taho da babbar rigata. Ka bar ni a zaune da gajeren wando a gaban dattawa." Na yi ƙoƙarin yin dariya, ba ta fito ba. Ya ce, "Yaran sun fi ni, tun bara na sani. Amma kwano ɗaya muka yi ta ci a hanyar nan." Daga nan ya rufe ido, ko barci ya yi ko bai yi ba, ban sani ba.

Mun iso Kano da magariba, lafiya lau, babu wanda ya yi ko tuntuɓe. Manaja ya yi murna, ya ce in ci gaba da gajeruna, zan kuwa ci gaba, don dabarar daidai take, ko gobe aka sake ita zan yi. Na je Haɗeja ina jin cewa abu mai wuya shi ne cin dogaye. Na dawo na san cewa wannan da gudu da haƙuri ake yinsa, mai wuyar shi ne ka dubi naka ido da ido ka gaya masa lokacinsa ya wuce, tun kafin ya ɗaura takalmi. An yi horo sau biyu tun dawowarmu, Kofur bai zo ba. Gobe bayan sallar Juma'a zan je gidansa in faɗa masa. Ya riga ya sani, amma har yanzu bai ji daga bakina ba.