Mama Dalila da Ragon da Aka Hana Hawa Jirgi

Kowace Talata, tun kafin bas ɗin farko ya ratsa unguwar Glenwood, Mama Dalila ta riga ta dama kunun gyaɗa ta cika filas biyu. Sai ta jawo wata tsohuwar jaka shuɗiya daga ƙarƙashin tebur ta fara loda mata kaya: hulunan sanyi da matan cocinsu suka saƙa, layukan waya, man goge baki, carbin Katolika a aljihun dama, carbin Musulmi da dadduma a aljihun hagu. Daga nan ta wuce coci Misar safe, wato sujadar 'yan Katolika. In an tashi, Fada ya sa mata Jibi mai tsarki, gurasar da aka keɓe a Misa, a wani ɗan gwangwani, ta rataya a wuya ƙarƙashin riga, ta kama hanyar Wilmington, garin tashar jiragen ruwa. Awa uku zuwa, awa uku dawowa. Shekara goma sha tara ke nan tana wannan sintiri, kuma a watan nan ta ce ta ajiye, domin gwiwa ta ƙi.

Cocin Katolika na da wani aiki da suke kira Tauraruwar Teku, na kula da ma'aikatan jiragen ruwa. Mutum ya yi wata tara a kan ruwa, jirgi ya tsaya kwana biyu, amma in ba shi da biza ko ƙafa ɗaya ba zai sa a ƙasa ba. Yana hangen gari, gari na hangensa. To, irin su Mama Dalila ne ke hawa musu. Ta yi addu'a da Kiristocin ciki, ta ba su Jibi, ta miƙa wa Musulmi dadduma ta gaya masa lokutan sallar garin, ta zauna ta saurari wanda ya gaji da yin magana da inji.

Ni Rufa'i nake, ɗan zangon Kumasi, direban tasi a garin nan, kuma ranar da na fara jin labarin aikinta dariya na yi har da buga sitiyari. Bakatsiniya 'yar Malumfashi, zaune a Greensboro inda babu teku ko a mafarki, wai ita ce uwar matuƙan jirgi! Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ɗan Kumasi, ƙanena Nathan ya hau jirgi a Legas yana da shekara ashirin da biyu. Wasiƙa biyu muka samu, shi ke nan. Ban san ko wani ya taɓa hawa masa da ko kofin ruwa ba." Wallahi kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Abubuwan alherinta suna da yawa, wasu sun fi ni saninsu. Ni ɗaya zan faɗa, wanda aka yi da ni a ciki shekara shida da suka wuce, ko da yake ba rawar arziki na taka ba.

Wata Talata ta hau wani jirgin dakon kaya. Tana cikin addu'a da 'yan Filifin a ɗakin cin abinci, sai ta lura da wani baƙin mutum a lungu, ya tasa shayi a gaba bai sha ba. Da aka gama ta miƙa masa hula, ya karɓa, bakinsa ya suɓuce ya ce, "Na gode." Ta ce, "Af! Sannu da aiki, ɗana. Ina gajiya?" Saura kaɗan kofin ya faɗi daga hannunsa. Sunansa Yahya, ɗan zangon Sekondi ne a Gana, a ɗakin inji yake aiki, kuma wata shida rabon da ya ji Hausa daga bakin mutum.

Nan ya amayar mata da abin da ke cinsa. Shekara goma sha ɗaya da aurensa, sai Alhamis ɗin da ta wuce Allah ya ba matarsa Anissa 'ya mace. Jibi Alhamis ne suna. Shi kuma tun shekarar farko ya yi wa Allah alwashi, ranar da ya samu haihuwa da hannunsa zai yanka ragon suna, har wuƙa ya saya yana yawo da ita a akwati. Ya gaya wa mutanen gida cewa ba zai faɗi sunan yarinyar ba sai ya cika alwashi. Ga shi ba biza, kuma jirgi zai tashi ranar Alhamis da la'asar.

Da yammacin nan ta kira ni, ni kuma na kira Alhaji Tahirou, dattijon Maraɗi mai shagon kayan abinci a titin Gate City Boulevard, domin shi ne masanin rago a cikinmu. Mama Dalila ta yi mana bayani dalla-dalla: mu same ta a ƙofar tashar jirgin ranar Alhamis ƙarfe tara, kada mu zo da dabba, akwai gonar wani ɗan cocinsu a kusa inda za a samu rago. Alhaji ya ce to. Yana ajiye waya ya dube ni ya ce, da ɗan Faransancinsa, "Bon, mata ba su san alwashi ba. Mutum ya ce da hannunsa, to da hannunsa. Mu kai masa rago har sama. Wa ke hana rago hanya?"

Ni da ya kamata in ja masa birki, sai na ce gaskiya ne, Alhaji. A tunaninmu tashar jirgin ruwa tashar mota ce mai faɗi, ka gaisa da mai gadi, ka ja dabbarka ka shige.

Ranar Alhamis da sassafe muka ɗauko wani jibgegen farin rago muka tura shi bayan motata. Kafin mu kai Raleigh ya cinye rabin rigar kujera. Da muka tsaya shan mai Alhaji ya buɗe masa wai ya sha iska, rago ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ku zo ku ga dattijo da babbar riga yana zagaye famfon mai, Turawa na ɗaukarmu a waya! Sai ƙarfe goma sha ɗaya muka isa ƙofar tasha, muna wari, muna haki.

Mama Dalila na tsaye da jakarta. Ta dubi ragon, ta dube mu, ta ce, "Ikon Allah." Mai gadin, wata ƙatuwar mace mai fara'a, ta leƙo ta taga. Ta ce Mama tana da katin shiga, mu ba mu da shi, sannan ta nuna ragon ta tambaya ko shi yana da nasa. Alhaji bai karaya ba, ya ce a roƙi kyaftin ya zuro igiya ta bayan katanga a ja shi sama. Da na fassara mata, sai da ta dafa ƙofa saboda dariya. Amma ta ce dabba mai rai ba ta shiga, ko ta waye.

Mu dariyar ba ta zo mana ba, domin lokaci na gudu. Sekondi na gabanmu da awa huɗu. Can malamai sun taru tun safe, an raba goro, mata sun cika gida, ana jiran suna daga bakin uba. In magariba ta faɗi a can, wato wajen ƙarfe biyu a nan, ranar suna ta wuce, yarinyar da aka jira shekara goma sha ɗaya ta kwana ba suna, uwarta kuma ta sha surutun mutane.

Sai Mama Dalila ta juyo wajen Alhaji a hankali. "Alhaji, a gidanmu a Malumfashi, in Kirsimeti ta zo, babana ba ya yanka akuya da hannunsa. Maƙwabcinmu Malam Husaini yake kira ya yanka, don kowa a unguwa ya ci. Ban taɓa jin an ce akuyar Malam Husaini ce ba. Ku a wajenku ba a wakilta mutum?"

Alhaji ya cire hula ya sosa kai. "Subhanallahi. Ni da na je Makka sau biyu, ko dabbar hadayata ban gani da ido ba, wakili ne ya yanka. Hajiya, kin fi ni." Ta ce ita ba Hajiya ba ce. Ya ce yau dai ita ce.

Saura shawo kan Yahya, wannan kuwa ba aikin waya ba ne. Matakalar jirgin nan taki sittin da biyu ce, ita ta ƙirga, kuma tun lokacin gwiwarta ta fara ciwo. Ta hau. Daga baya Yahya ya gaya mini yadda suka yi. Ya kafe, ya ce da hannuna na ce, Mama. Ta ce, "Ɗana, Wanda ka yi wa alwashin ya san inda kake, Shi ya kawo ka nan. Anissa ta yi nata, ta haihu ba ka kusa. Yanzu kuma za ka bar ta rungume da jaririya ana tambayarta suna tana sunkuyar da kai? Ina wuƙar?" Can ya tashi ya buɗe akwati ya ɗauko ta, ya yi bisimilla a kanta, ya naɗe ta cikin hular da ta ba shi.

Ta sauko tana ɗingishi, ta nuna wa mai gadi wuƙar ta yi mata bayani, muka ɗunguma zuwa gonar. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin na riƙe waya, ga fuskar Yahya a saman jirgi iska na kaɗa rigarsa. Ya ce, "Alhaji, na wakilta ka." Alhaji ya ce, "Na karɓa." Ya fuskantar da rago alƙibla, ya yi bisimilla da kabbara, ya sa wuƙar da ta jira shekara goma sha ɗaya. Yahya ya rufe fuska da tafin hannu. Nan take ya kashe ya kira Sekondi, rana ba ta faɗi ba tukuna.

Matan cocin garin suka haɗu da kaskonsu, kafin ƙarfe uku an soye naman. Mama Dalila ta sake komawa, 'yan Filifin suka sauko har takin ƙarshe suka karɓi kulolin, ita kuma ta sake hawa sittin da biyun nan, tana tsayawa tana hutawa. Mu muna bakin ƙofa muna kallo ta waya. Ɗakin cin abinci ya cika, mai dafa abinci ya yi shinkafa, wani ya ɗauko jita. Kyaftin ya tambayi Yahya sunan yarinyar.

Ya ce, "Dalila."

Mama ta nemi benci ta zauna. "Kai, Yahya! Ka san ni Kirista ce ko?"

"Na sani, Mama. Na ga carbin da ke hannunki. Na kuma ga ƙafar da ta hau."

A hanyar dawowa gwiwarta ta kumbura, don haka Alhaji ya tuƙa motarta, ita ta shiga tawa mai warin rago. Mun yi nisa tana kallon itatuwa. Can ta ce, "Ɗan Kumasi, yau ji nake kamar na kai wa Nathan abinci."

Mama Dalila, ke ce uwar waɗanda ƙasa ta hana su sauka. Ke ce kika nuna mini cewa zumuntar da ake cewa a ƙafa take, wani lokaci a gwiwa mai ciwo take. Ba ki taɓa ɓoye gicciyenki ba, ba ki kuma taɓa sa wani ya ɓoye sallarsa ba. Ina ƙaunarki ƙaunar da nake wa 'yar'uwar mahaifiyata, kuma har yau ina jin kunyar dariyar nan da na yi.

Lahadin da ta wuce aka yi mata taron ban kwana a zauren coci. Mu ma mun je, Alhaji da babbar rigarsa a layin gaba. Wuƙar nan tana kicin ɗinta, Yahya ya bar mata, kuma duk Kirsimeti Alhaji ne ke yanka mata akuya da ita. Ana tsakiyar cin abinci aka kira daga Sekondi, ga wata yarinya mai giɓin haƙori ta cika waya tana ihu, "Takwara, ina wuni! Baba ya ce ƙafarki ta gaji!" Mama ta yi dariya har da hawaye.

Mun gode, Mama. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwa lafiya, ya saka miki da abin da ya fi alherinki.

Ku kuma jama'a, jiragen ba su daina zuwa ba don Mama ta ajiye. Mai iya saƙa ta saƙa hula, mai mota ya ba da Talata ɗaya a wata, mai jin Hausa ko Tiwi ko Faransanci ya zo da bakinsa kawai, ya isa. Wata baiwar Allah daga cocinsu ta karɓi ɗan gwangwanin, wannan nasu ne. Ni kuwa na je na yi katin shiga, jakar shuɗiyar nan tana bayan motata, a kan kujerar da rago ya ci. Da Mama ta miƙa mini ita, ban da kaya babu abin da ta ƙara sai magana ɗaya: "In ka hau, ka fara duba lungu. Ƙanen wata yana can zaune."