Kifin Goggo Rao

Shekara hamsin da ɗoriya Goggo Rao ta yi tana zana kifi a kwanonin tangaran a garin Jingdezhen na ƙasar Sin. Ba irin na masu hali da ake jerawa a kabad ba, na talakawa ne, waɗanda ake cin shinkafa a ciki har bakinsu ya ɓantare. Sau uku take jan buroshi, kifi ya fito. Da duhu-duhunsa yake shiga matoya, wuta ta mai da shi shuɗi a kan fari tas.

Da ta kusa cika tamanin, aka fara shirya mata biki, ɗanta Desheng ya ce zai sayo kwanonin kamfani, masu zanen inji.

"Ina raye?" in ji ta.

"Mama, hannunki fa rawa yake yi."

"Shi kifin a tsaye ka taɓa ganinsa?"

A baki ne kawai, a zuci tsoro take ji. A al'adarsu, a bikin tsoho, baƙo yakan ci ya sulale da kwanonsa a riga don ya kai tsawon rai gida. In aka bar mata nata a tebur, an gaya mata ke nan hannunta ya ƙare.

Da kanta ta zana kwanonin. Suka fito daga matoya, kifayen duk a karkace. Maƙwabcinta Tsoho Zhan, wanda ya tsufa yana hura wutar matoya, bakinsa kuwa bai taɓa hutawa ba, ya ɗaga ɗaya.

"Wannan kifi ne ko takalmi?"

"Hotonka ne," ta ce, amma maganar ta soke ta.

Ranar biki aka kawo doguwar taliya. Goggo ta hakimce cikin jar riga, ko loma ta kasa kaiwa, ta zuba wa tebura ido. Aka ci aka gama, aka sha shayi, aka ƙara. Kwanoni na nan, babu wanda ya motsa. Jikinta ya yi sanyi.

Sai surukarta Yulan ta duƙo.

"Mama, kin tsare mutane da ido. Ta ina za su yi satar?"

Ashe ita ce ta hana! Ta juya ta fuskanci bango, wai tana gyaran maɓalli. A bayanta ta ji ƙwal, ta ji ƙwalal, ta ji ana ƙunshe dariya. Da ta waiwayo, tebura wayam. Har nata kwanon an juye taliyar a murfin tukunya an yi gaba da shi.

Ga Tsoho Zhan yana lallaɓawa ƙofa, rigarsa ta kumbura tana ƙara.

"Tsohon banza, har biyu?"

"Takalmi ai ba a ɗaukar ɗaya."

A murfin tukunyar ta cinye taliyarta, tana dariya tana share hawaye.