Shuɗin Ruwan Sharon

Ranar da Sharon ta nemi fitsarin kakarta Baturiya a 'yar kwalba, duk unguwar Jushi sai da aka ji faɗan.

"Bokanci kika koyo a makarantar Samarun? Wa za ki kai wa?" in ji Baturiya.

Sharon, ma'aikaciyar ɗakin gwajin asibiti, ta ga idon kakar yana dusashewa, ta yi ta lallashi har ta samu. A gabanta ta zuba shuɗin ruwan gwaji, ta tsoma kwalbar cikin tafasasshen ruwa. Shuɗi ya koma ja. Ashe sukari ne ke cin idon tsohuwa.

Asibiti suka ɗora ta kan magani, idon bai ƙarasa lalacewa ba.

Jiya da Sharon za ta tafi, Baturiya ta ce mata, "Gobe ki zo da wuri, uwar taurin kai. Ƙawayena na nan da kwalabensu, na ce musu jikata ce."