Dutsen Malachy Dowd

A gaɓar tekun Sligo, da zarar an gama haƙar dankali, manoma kan gangaro gidan wankan gwauruwa Gilgan, kowa dafe da ƙugu. A dafa musu ruwan teku, a zuba ciyawar teku a baho har ruwan ya yi yauƙi, su jiƙa gaɓoɓinsu. Tun kaka da kakanni haka ake yi, kuma da yawa sukan koma gida da sauƙi.

Malachy Dowd ne ke kawo ciyawar. Tun yana saurayi yake bin teku in ta janye, da laujensa da jakinsa, ya tsaya cikin ruwan sanyi har gwiwa. Kowane gida da dutsen da yake yankan ciyawa a kai, nasa kuwa gadon mahaifinsa ne. Yanka ake yi, a bar gindi kamar taƙi ɗaya don ta sake tofowa.

Da girma ya zo, sanyi ya kama masa hannu. Yatsu suka ƙage, lauje ya fara suɓuce masa.

"Malachy, kofin shayi ma da hannu biyu kake ɗauka," in ji matarsa Nuala.

"Ke dai zuba, tsohuwa. Ke ma da hannu biyu na riƙe ki, kin taɓa faɗuwa?"

"Ka bar wa maƙwabcinmu Cathal ya yanka maka, ku raba."

"In Cathal ya hau dutsen nan sau ɗaya, sai dai in riƙa gaishe shi daga nesa."

Bai gaya wa kowa ba, ya rataye lauje, ya koma tumɓuke ciyawar da tafin hannu, har saiwa. Ya san abin da yake yi. Duk daminar nan jaki na komowa da kaya niƙi-niƙi, gwauruwa na yaba masa, shi kuwa ba ya iya kallon idonta.

Da shekara ta zagayo, teku ta janye ta bar dutsen tas. Cathal ya zo wucewa da laujensa ya tsaya.

"Baba Malachy, wa ya yi wa dutsenka aski haka?"

Tsohon ya juya. Ya ja jaki babu kaya zuwa gidan wanka, ya faɗa wa gwauruwa gaskiya. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ba shi shayi.

"Mun daɗe tare, Malachy. Amma masu ciwo na jira, ba zan jiƙa su da sanayya ba."

Daga ranar Cathal ke kawo mata ciyawa. Malachy ya sayar da jakin kafin sanyi ya shigo, ya koma zaman bakin murhu, Nuala na ɓare masa dankali. In ta dawo daga gaɓa yakan tambaye ta ko dutsen ya fara tofo. Takan ce saura kaɗan. Har aka binne shi dutsen bai tofo ba.