Bajamushiyar da Babu Sunanta a Takardar Baƙi

A ƙofar zauren baje kolin zane aka tsare ta. Tsohuwar Bajamushiya ce, doguwa, tana tsaye ƙyam. Kwat ɗinta ta ƙoɗe a gwiwar hannu, amma zobenta yana ɗauke da tambarin gidan sarauta. Mai gadi yana bin takardar baƙi da yatsa har ƙasa, yana sake hawowa. Babu sunanta.

A ciki Maharazu, mai zanen da ake wa bikin, yana tafawa da 'yan kwangilar da kuɗin fetur ya kawo Landan. Ya hango ta sarai. Ya juya baya yana gyara hula.

"Shekara shida yana cin abincinta a unguwar Camberwell, nan Landan," in ji Nata'ala, abokin aikina a gidan rediyo. "Ita ta fara buga zanensa a mujallarta."

Ban san ta ba, amma raina ya ɓaci. Ina jin tana cikin waɗanda yaƙi ya raba da gida da gona, ta ƙarar da ɗan abin da ya rage a kan 'ya'yan wasu.

Ba ta roƙi kowa ba. Ta ɗauki littafin bikin a kan tebur, ta buɗe shafin zanen farko, inda aka ce wai a Legas aka yi shi. Ta zaro jan fensir ta soke, ta yi rubutu, ta miƙa wa mai gadi.

"Ka ba shi. Gyara ne."

Na leƙa na karanta: "Camberwell, ɗakina na sama. Fentin ma nawa ne."