Sallama da Inna Kafin Sifaniya

Tun kiran assalatu muka tashi, ni da ɗan kawuna, amma sai da gari ya waye tangaran motarmu ta bar tasha a Gusau. Yanzu ba mai hawa hanyar Tsafe da duhu, ko direban da ya fi kowa rawar kai sai ya ga rana da idonsa. Saura kwana shida in bar ƙasar. Shekara uku ke nan ina karatun Sifaniyanci da al'adun masu harshen a wata jami'a can kudu, kuma tsarin karatun ya ce shekara mai zuwa a Sifaniya za mu yi ta, a tsakiyar masu abin. Kawu, wanda a gidansa nake zaune in na zo hutu, ya ce ba zan taka jirgi ba sai na je na yi sallama: Tsafe wurin kakata, sannan Bungudu wurin mahaifiyata.

An cusa mu huɗu a baya, biyu a gaba, kuɗin mota kuwa ya kusa ninka abin da na sani bara. Da na yi ƙorafi, ɗan kamasho ya dube ni sama da ƙasa ya ce in na san inda ake sayar da mai da araha in nuna masa. Na biya na shiga.

Marka ce, ko'ina kore shar. Gero ya yi kai, dawa ta kai kafaɗa, dutsen Kwatarkwashi ya yafa hazo har wuya. Sai dai in ka lura, noman duk a bakin titi ya taru. Can ciki, inda da muke hango mutane da garma, ciyawa ce ta cinye gonaki. Kowa ya san dalili: tsoron 'yan bindiga. A kowane shingen jami'an tsaro hira takan mutu, sai mun wuce ta farfaɗo.

Wani dattijo mai farin rawani da ke matse da ni ya ga littafi a cinyata, ya ce, "Ɗan samari, mi kaka karantawa?" Na ce Sifaniyanci. Direba ya yi caraf ya ce, "Ƙwallo ke nan! Wallahi ka more." Dattijon ya girgiza kai. "Wace ƙwallo? Ai Andalus ta, ƙasar malamai. In ka je ka gaishe da masallatansu." Ban iya gaya masa cewa masallatan sun koma coci ba, na ce in sha Allahu. Su biyun suka yi ta musu a kaina har Tsafe, ba wanda ya sake tambayata komai.

A bakin tasha muka sayi gasasshiyar masara, sabuwar karya, mai ruwa-ruwa. Na fara yi wa ɗan kawuna bayanin cewa asalin masara daga Meziko take, kuma can har waina suke yi da ita su naɗe nama a ciki. Ya ce in ba zan ci ba in miƙo masa.

Kakata na zaune a tabarma tana tsinkar rama. Tana ganina ta ɗaga murya: "Ga mijina ya taho, hannu rabbana kamar kullum!" Na dire mata goro da sabulu, ta juya su ta ce ko bazawari ya fi ni ƙoƙari. Ita ta raine ni. Ni ɗan fari ne, ana yaye ni aka kawo ni wurinta, kamar yadda ake yi. A bayanta na yi barci, a gidanta na yi wayo. Mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Inna, kunyar ɗan fari take yi mini irin ta mutanen da, ba ragi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In na je Bungudu sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ku ba mutumin Tsahe ruwa." In tana son sanin lafiyata, wani za ta tambaya, ina zaune a wurin.

Da ban taɓa jin abin ya dame ni ba. Haka na taso na gani, haka ake yi wa abokaina 'yan fari. Karatun nan ne ya tono mini shi. Malamarmu 'yar Kwalambiya ce, mace mai fara'a, wadda in tana maganar uwarta har hannu take dafawa a ƙirji. Duk fim ɗin da ta nuna mana, sai ka ga uwa ta kama fuskar ƙaton ɗanta mai gemu ta sumbace shi a goshi, tana kiran sunansa tun daga bakin ƙofa. Ran nan ta ce kowa ya rubuta wasiƙa da Sifaniyanci kamar daga mahaifiyarsa, ya buɗe da sunan da take kiransa na shagwaɓa. 'Yan ajinmu suka duƙufa suna dariya, kowa da nasa. Ni na zauna da biro a hannu. Daga ƙarshe ƙirƙira na yi, na ci maki mai kyau, na fito daga ajin raina a jagule. Tun daga ranar nake jin kewar abin da ban taɓa samu ba, kuma na ƙudura ba zan ƙetare teku ba sai na ji Inna ta yi mini magana, ni da ita.

Bayan azahar kakata ta sa aka kawo mana hoce, gasasshiyar wainar dawa, da ƙuli, da fura mai sanyi wadda aka dama da nonon safe. Na ci har na ji kunyar kaina. Ina cikin suɗe hannu na tambaye ta ko ita ma ta yi wannan kunyar. Ta ce, "Kawunka babba, wanda ba ka sani ba, shi na ɗan farina. Har yak koma ga Allah ban taɓa kiran sunanai ba. Ran da anka hita da shi mata na ta kuka tsakar gida, ni ina ɗaki ina kaɗi, kada a ce ban da kunya."

Na ce, "Ba ki yi da-na-sani ba?"

"Da-na-sanin mi? Haka munka iske." Sai ta juya tana neman gwangwanin goronta, alhali yana kan cinyarta.

Ta sa mini albarka, ta tofa mini addu'a a ka, ta ce kada in kuskura in yi mata kishiyar Baturiya. Muna fita na gaya wa ɗan kawuna abin da na shirya: in mun isa Bungudu zan rungume Inna, irin yadda na ga ana yi. Ya tsaya cak a tsakiyar lungu. Ya ce, "In ka yi haka, ni ban san ka ba." Na ce ai uwata ce. Ya ce shi ya sa.

Dole muka sake ratsa Gusau, don Bungudu na ɗaya ɓarin, kan hanyar Sakkwato. Muka sauka muka canza zuwa wata ƙaramar bas da ƙofarta ke ɗaure da igiya. Ruwa ya tsuge muna fita gari, rufin kuma na yoyo daidai kaina, wata mata ta ara mini murfin kwanonta na tara. Tafiyar ba nisa, amma ni na ji ta yi tsawo, sai maimaita abin da zan faɗa nake yi a zuci. Abin dariya, da Sifaniyanci kalmomin ke zuwa mini a jere, in na juya su Hausa sai su yi mini nauyi a baki. Gulbi ya cika ya yi jajir, fadama duk shinkafa. Muka isa bayan la'asar, an ɗauke ruwa.

Tun rasuwar Baba, Inna na zaune a babban gidanmu tare da gwaggona da matan ƙannen Baba. Muka same su a tsakar gida, su biyar ko shida, ana sheƙar gero. Inna na tsaye da faifai. Na durƙusa na gaishe ta kamar kullum, ta kau da kai wajen rumbu ta amsa wa iska, "Lahiya lau." Ta ce wa ƙanwata a shimfiɗa wa baƙi tabarma.

A nan ne na miƙe. Ban ba kaina damar tunani ba, na taka uku na rungume ta.

Jama'a, ban taɓa sanin Inna ƙarama ce haka ba. Kanta ko kafaɗata bai kai ba, tana ƙanshin hayaƙi da man shanu. Ta sandare kamar itace. Faifan ya suɓuce, gero ya watse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kaji suka yo ca. Ta ce "Subhanallahi!" da wata murya da ban san ta da ita ba, ta zame daga hannuna, ta shige ɗaki ta saki labule. Matan gidan suka kwashe da dariya, wata har da riƙe ciki. Gwaggo ce ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wanga shi na karatun da aka ta hwaɗi? Ka kunyata ta gaban matan ƙannen mijinta. Yanzu da wane ido za ta hito?" Na waiga neman ɗan kawuna, ashe tuni ya cika alkawarinsa, yana zaure.

Ba ta fito ba. Tuwon dawa da miyar kuɓewa ya zo mana ta hannun ƙanwata, na gane hannun Inna ne a miyar, amma na kasa cin na kirki. Na aika a ce ina neman gafara, ƙanwata ta dawo ta ce ba ta ce komai ba. A da ko ba komai ina jin muryarta tana maganata da wasu. Yanzu na jawo har wannan ɗin na rasa, ga shi da safe zan tafi, tafiyar shekara guda, kuma ba wanda ya san mai rai da mai mutuwa. Tsoron da ya kama ni ke nan, ba na ɓoyewa.

Washegari ana suna a maƙwabta. Da hantsi matan gidan suka yi kwalliya suka fice, har ƙanwata, ɗan kawuna kuma ya yi gaba tasha ya kama mana wuri. Inna ba ta je ba. Na rataya jakata, na zo bakin ƙofarta na durƙusa a wajen labule. Ina jin motsinta a ciki. Na ce, "Inna, zan tafi. Ki yafe mini abin da na yi jiya, da wanda na yi a baya."

Na ci gaba da durƙuso. Har na fara jin ƙafata na sanyi a ƙasa.

Can ta yi gyaran murya, ta ce, "A hwaɗa ma mai tahiya na yahe mishi, duniya da lahira. A ce mishi ya riƙe salla. An ce ƙasar da sanyi, shi kuwa tun yana jinjiri sanyi na kama mishi ƙirji, kada ya zauna ba rigar kirki." Ta ɗan tsaya. "A ce mishi ya dawo."

Na waiga. Ba kowa a gidan nan, daga ni sai kaji da akuya ɗaure a turke. Ita ma ta san ba kowa, a kunnenta suka fita.

Na ce, "Za a faɗa masa, Inna."

Ban san yadda na kai tasha ba. Ɗan kawuna ya dubi fuskata, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya kwana yana tanadi, sai ya fasa, ya matsa ya ba ni gefen taga. Da muka isa gida Kawu ya tambaya ko an yi sallama lafiya, na ce lafiya lau, ɗan nasa ya rufa mini asiri.

Abin da na ɗauko a tafiyar nan ba shi da yawa. Na yi shekara uku ina koyon yadda uwayen wasu ke nuna ƙauna, har ina iya rubuta shafi biyar a kai a jarrabawa, ban taɓa zama na karanci ta gidanmu ba. Na je da abin aro na ɗora wa baiwar Allah a gaban mutane, ita ta biya da kunyarta. Ban ce al'adar mutanen can ba ta da kyau ba, har gobe tana burge ni. Ban kuma ce na warke ba: ina son in ji sunana a bakin Inna ko sau ɗaya ne, kuma na san mai yiwuwa in mutu ban ji ba. Amma matar da ba ta taɓa dubana ido da ido ba ta san ƙirjina tun ina jinjiri, abin da ni kaina na manta.

Jiya na shiga kasuwa wurin 'yan gwanjo na sayi rigar sanyi mai kauri, har biyu. Na kira ƙanwata na ce ta faɗa a tsakar gida, da ƙarfi, yadda za a ji daga ɗaki, cewa saƙo ya isa ga mai shi.