Ranar da Na'urar Auta Ta Ƙi Faifai

Ƙanena yana da shekara ashirin da shida lokacin da Inna, mahaifiyarmu, ta rasu, amma har yau Auta muke ce masa. Tun yana ƙarami ba ya magana sai kalma ɗaya-ɗaya, ba ya son hayaniya, ba ya son a taɓa shi ba zato. In abu ya dame shi sai ya fara jijjiga jiki gaba da baya, daga nan ya ciji hannunsa, in ba a yi sa'a ba ya kai ga buga kai da bango. Abin da ke kwantar masa da hankali guda ɗaya ne: wata tsohuwar na'urar wasa baƙa da Inna ta saya masa ta hannu a kasuwar Parakou, da faifanta na tseren motoci. Kullum bayan azahar yana zaune gaban tele, wato talabijin, ba ya tashi sai an kira la'asar.

Bayan rasuwar na ɗauko shi ya dawo wurina a unguwar Albarika, nan Parakou. Da sadakar arba'in ta zo, dangin Inna suka ce a Djougou za a yi, a gidan Kawu, yayanta. Na naɗe na'urar cikin zane biyu na sa a jaka, amma a tasha direba ya karɓe jakar ya cusa a bayan mota, ƙarƙashin buhunan doya. Hankalina yana kan Auta, ban yi gardama ba.

Washegari da hantsi, bayan an yi addu'a an raba waina, matar Kawu ta ja ni bayan madafa.

"Ɗiyata, ki sani tun yanzu," ta ce. "Bayan la'asar maza za su zauna kan maganar Auta. Kawunki ya ce ke kaɗai ba za ki iya da shi ba, ga aiki ga shi. Akwai wani mai magani a ƙauye, can wajen Pélébina. Har sun yi magana."

Na san irin wuraren. Na taɓa ganin wanda ya dawo daga can da tabon mari a ƙafa. Na ce mata Auta ba mahaukaci ba ne. Ta ce ta sani, amma Kawu ya ga ranar da ya farfasa gilashin taga a asibiti, lokacin jinyar Inna, kuma abin bai fita ransa ba.

"In yau ya zauna lafiya, kina da bakin magana," ta ce. "In kuwa ya tashi a gaban jama'a, to."

Gidan cike yake da baƙi, mata na ta ɗaga murya da Dendi da Hausa. Ana sallame azahar na shigar da Auta wani ɗakin baya mai ƙaramar tele, na jona wayoyi, na sa faifai, na miƙa masa manet, abin da ake riƙewa a tuƙa motar. Na'urar ta kama, fitilarta ta yi kore. Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas daga ciki. Rubutu ya fito da Faransanci, wai ba a iya karanta faifan ba.

Na kashe na kunna. Haka. Na ciro faifan na hura masa numfashi, na goge da gefen mayafina daga tsakiya zuwa baki, kamar yadda Inna ke yi. Haka dai. Auta ya dubi tele, ya dube ni.

"Mota," ya ce.

"Tana zuwa, Auta. Yanzu."

Na ɗaga faifan a hasken taga na ga wani tsohon ƙarzane. Na taɓa jin ana cewa man goge baki na cike irinsa, sai na fita da sauri na shafa, na wanke a bakin randa, na tsane. Da na dawo Auta ya riga ya fara jijjiga. Na sa faifan. Ƙas, ƙas, ƙas.

Na aro faifan wa'azi a ɗakin matar Kawu, don in gane ko namu ne ya lalace. Shi ma ta ƙi shi. Nan na gane ciwon a cikin na'urar yake, ni kuwa ban taɓa buɗe ko rediyo ba. Na girgiza ta, na bubbuga gefenta da tafin hannu. Auta ya sa bayan hannunsa a baki, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa wanda na san abin da ke biye da shi. Na tura ƙofa, na jawo katifa na jingina a bangon da ke bayansa.

Ina durƙushe ina tura wuƙa a tsagin murfin na'urar aka yi sallama. Kawu ne. Dogo ne, mai kaifin ido, shekara talatin yana gyaran agogo a kasuwa kafin wayoyin hannu su kashe sana'ar. Ya dubi Auta, ya dubi katifar da ke bango, ya daɗe yana kallonta.

"Abin ya motsa ke nan?" ya ce.

"Kawu, ba shi ba ne, na'urar ce. Don Allah ku ba ni ɗan lokaci."

"Ajiye wuƙar nan kafin ki kashe ta gaba ɗaya."

Ya fita. Na ɗauka mutane ya tafi kira, har na tashi na tsaya tsakanin Auta da ƙofa. Sai ga shi shi kaɗai, da wani gwangwanin alewa mai tsatsa. Ya zauna a tabarma, ya fito da ƙananan turnabis na kwance noti da gilashin nan da masu agogo ke maƙalawa a ido. Ya ce in kunna. Ya kara kunnensa a jikin na'urar.

"Faifan na juyawa," ya ce. "Idon da ke karantawa ne ba ya tafiya. Cire wuta."

Yana kwance noti na farko Auta ya yi ƙara, ya damƙe masa wuyan hannu. Auta ƙaƙƙarfa ne, na ga yatsunsa sun nutse cikin fatar tsohon. Hirar tsakar gida ta tsaya cak. Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Kawu bai fizge ba, bai kuma kalle shi ba. Da ɗaya hannun ya ɗauki murfin gwangwanin, ya jefa notin ciki, ya tura gaban Auta.

"Riƙe mini," ya ce. "Kada ko ɗaya ya ɓace."

Ban san daƙiƙa nawa muka yi a haka ba. A hankali Auta ya saki hannun, ya ɗauki murfin. Duk notin da aka kwance sai ya karɓa ya jera shi kusa da ɗan'uwansa, yana jijjiga, amma ya bar cizon.

Da murfin na'urar ya buɗe Kawu ya nuna mini wani ɗan gilashi kamar ƙwayar gero, zaune kan siraran ƙarafa biyu. Jijjigar hanya ta tura shi can ƙarshe ya maƙale, tsohon man da ke jikin ƙarafan kuma ya daskare kamar ƙaro. Ya naɗa auduga a tsinken ashana ya share, ya ɗiga man agogo, ya tura idon da farce har ya fara zamewa. Ya goge gilashin da busasshiyar auduga, ya rufe.

Muka kunna. Ƙarar ta ɓace, faifan ya juya, ya juya, sai rubutun nan ya sake fitowa. Auta ya buga ƙeyarsa a katifa, sau ɗaya, sau biyu. Daga masallacin unguwa na ji ladan yana gwada lasifika.

"Idon ya tsufa, ba ya hango faifan sosai," Kawu ya ce. "Kife ta."

"In kife ta?"

"Ciki sama. Yi."

Na kifa ta a kan tabarma na danna. Tele ta yi baƙi, ta daɗe a haka, sannan kiɗan tseren ya tashi. Auta ya ajiye murfin gwangwanin ya ɗauki manet. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa.

Kawu ya tattara kayansa yana murza wuyan hannunsa, inda shatin yatsu huɗu ya fito.

Ba a kira ni zaman ba. Daga baya matar Kawu ta gaya mini cewa Kawu ya ce a bar Auta wurina zuwa babbar salla, a ga yadda za ta kasance. Wasu sun yi gunaguni, amma bai janye maganarsa ba. Da za mu tafi ya ce mini idon nan ba zai kai shekara ba, in nemi wani tun da wuri.

Wata uku na yi ina yawon rumfunan masu gyara kafin na samu irin na'urar a unguwar Tourou, wadda aka jefar a kwali saboda ba ta kamawa. Mai rumfar ya ciro idonta ya dasa a tamu, a gaban Auta, don Autan ya ƙi yarda a bar ta ta kwana a can. Babbar salla ta zo ta wuce, ba wanda ya sake tayar da maganar ƙauyen.